JON MILTON DA WAƘARSA DA AKA YAYYANKA

A cikin mawaƙan Ingila, in an ɗebe Shakespeare, da wuya a sami wanda Turawa su ke ambato da girmamawa kamar Jon Milton. Amma fa da yawa daga cikin waɗanda suka haddace shi a makarantun Ingila da Amurka na zamanin da, ba su taɓa bin babbar waƙarsa daga farko har ƙarshe ba. Abin da suka sani 'yan gutsattsari ne, layi talatin nan, layi hamsin can, waɗanda wani ya tsamo ya zuba cikin littafin karatu. Tun da ya ke mu ma aikin da mu ke koyo shi ne tsamo abu daga manyan littattafai mu miƙa wa yara, ya kamata mu ji labarin mutumin nan, mu ga kuma abin da ya sami waƙarsa a hannun masu tsince-tsince.

An haife shi a birnin Landan ran 9 ga Disamba 1608. Ubansa, shi ma sunansa Jon, aikinsa rubuta wa mutane takardun ciniki da na bashi, yana kuma ba da rance, har ya tara abin hannu. Gwani ne kuma wajen tsara kiɗa. Kakan Milton ɗan Katolika ne mai tsanani, ya hana ɗansa gado saboda ya bar ɗarikarsa ya bi ta Furotesta. Watau dai taurin kai a kan abin da mutum ya gaskata, a gida Milton ya tarad da shi.

Uban bai yi ƙyashin kashe kuɗi a kan karatun yaron ba. Ya ɗaukar masa malami a gida, sa'an nan ya sa shi makarantar St Paul's. Milton da kansa ya ba da labari cewa tun yana da shekara 12 ba ya barin littafi sai dare ya raba, yana kuma ganin wannan ne mafarin lalacewar idonsa. A 1625 ya shiga Jami'ar Kembirij, ya sami digiri na farko a 1629, na biyu a 1632. Da niyyar iyayensa ya zama limamin coci. Shi kuwa da ya dubi yadda manyan limamai su ke mulkin cocin Ingila a lokacin, sai ya ga ba zai iya rantsuwar yi musu biyayya ba. Ya koma gidan ubansa ya zauna wajen shekara shida ba ya aikin kome sai karatu, na Latin da Girkanci da Ibrananci da Italiyanci, da tarihi da lissafi. Cikin shekarun nan ya yi wasan kwaikwayon da a ke kira Comus, wanda aka nuna a 1634, da waƙar makoki mai suna Lycidas a 1637, saboda wani abokin karatunsa, Edward King, da jirgin ruwa ya nutse da shi. A 1638 ya tafi yawon buɗe ido Faransa da Italiya. A kusa da birnin Fulorans ya ziyarci Galiliyo, masanin taurarin nan, ya same shi tsoho, makaho, an tsare shi a gida saboda abin da ya faɗa game da tafiyar duniya da rana. Milton bai manta da wannan gani ba.

Da ya komo a 1639, sai ya zama malamin makaranta, abin da ba kowa ya sani game da shi ba. Ya fara da 'ya'yan 'yar'uwarsa biyu, Edward da Jon Phillips, daga baya aka ƙara kawo masa waɗansu yara. A 1644 ya buga wata 'yar takarda a kan ilmi. A ciki ya yi kukan yadda a ke ɓata shekara bakwai ko takwas ana cusa wa yaro Latin da Girkanci da wahala, alhali a ganinsa shekara guda ta isa in an bi hanya. Ya kuma soki malaman da ke tilasta wa yara rubuta insha'i da waƙa tun kansu bai cika da kome ba. Abin da ya fi so shi ne, da zarar yaro ya kama tushen nahawu, a ba shi ƙaramin littafi guda a bi da shi sosai. Gaskiya jadawalin da ya tsara ya yi nauyi ƙwarai, don ya haɗa harsuna da noma da ilmin magani da kokawa da wasan takobi, duk tsakanin shekara 12 da 21, kuma ba na zaton akwai makarantar da za ta iya ɗaukarsa duka. Amma a riƙe maganar nan ta littafi guda a bi shi sosai, za mu komo kanta.

Yaƙin basasa ya ɓarke a Ingila a 1642 tsakanin Sarki Cals na Ɗaya da Majalisa. A shekaran nan Milton, yana da shekara 33, ya auri Mary Powell, yarinya 'yar shekara 17, wadda danginta mutanen sarki ne. Ba ta fi wata guda ba ta tafi ganin gida, ba ta komo ba sai bayan shekara uku. Cikin wannan ɓacin rai ya rubuta littattafai yana neman doka ta yarda da saki in zama ya ƙi daɗi, mutane suka yi ca a kansa. Da Majalisa ta kafa dokar cewa ba a buga littafi sai an duba an ba da izini, ya amsa mata a 1644 da littafin da a ke kira Areopagitica, wanda har yau a ke ambato in ana zancen 'yancin buga littattafai.

Ran 30 ga Janairu 1649 aka sare kan sarki. Ba a yi mako uku ba Milton ya fito da littafi yana cewa jama'a suna da ikon hukunta azzalumin sarki. Sabuwar gwamnati ta naɗa shi magatakardan harsunan waje, yana rubuta wasiƙunta zuwa ƙasashen Turai da Latin, yana kuma mai da martani ga masu zaginta. Likitoci sun gargaɗe shi cewa in ya ci gaba zai rasa sauran ganinsa. Bai bari ba. Zuwa 1652 ya makance sarai, yana da shekara 43. A shekarar kuma matarsa ta rasu bayan haihuwa, ɗansa namiji guda ɗaya ya bi ta, aka bar shi da 'ya'ya mata uku. Ya sake aure a 1656, ita ma ta rasu a 1658, shekarar da shugabansu Oliba Kuromwel ya mutu. A 1660 mutanen Ingila suka komo da ɗan sarkin da aka kashe, suka naɗa shi. Aka ƙone littattafan Milton biyu a bainar jama'a, ya ɓuya, aka kama shi aka tsare, sa'an nan aka sake shi kafin shekarar ta ƙare. Waɗansu abokan tafiyarsa kuwa an kashe su.

To, a wannan hali, ga makanta, ga asarar dukiya, ga duk abin da ya yi shekara ashirin yana yi wa hidima ya rushe, ya dage a kan waƙar da ya daɗe yana shiri. Sunanta Paradise Lost, watau Aljannar da Aka Rasa. Da dare ya kan tsara ta a ka, da safe ya jira wanda zai rubuta masa. Edward Phillips ya ba da labari cewa ya kan tarad da ita layi goma, ko ashirin, ko talatin a lokaci guda, da rubutun duk wanda ya samu, sai shi ya gyara kurakuran rubutu. Ashe da gutsu-gutsu ta zo duniya. Amma ginin dukanta yana cikin kan mai ita, ya san inda kowane gutsure zai zauna, har ta kai layi fiye da 10,000.

Labarin daga surorin farko na Littafin Farawa ya ɗauko shi, ya faɗaɗa shi bisa fahimtarsa ta addinin Kirista. Waƙar ta soma ne da Shaiɗan da rundunarsa suna kwance cikin wuta bayan an koro su daga sama. Suka yi shawara, Shaiɗan ya ɗauki nauyin tafiya ya ɓata sabuwar halitta. Ya isa gonar Aidan, ya ga Adamu da Hawwa'u. Aka aiko mala'ika Rafa'ilu ya gargaɗe su, ya ba su labarin yaƙin da aka yi a sama da yadda aka halicci duniya. Duk da haka suka ci 'ya'yan itacen, aka yanke musu hukunci, suka tuba, mala'ika Mika'ilu ya nuna wa Adamu abin da zai sami zuriyarsa, sa'an nan aka fitar da su. Manufar Milton, ya kuwa bayyana ta tun a buɗewar waƙar, ita ce ya nuna cewa Allah bai zalunci ɗan Adam ba, an ba shi zaɓi ne ya zaɓa. Hujja ce doguwa, kowane kashi yana jingine da ɗan'uwansa.

An buga ta a 1667, kashi goma. Mai bugawa, Samuel Simmons, ya ba shi fam 5, da alkawarin wani fam 5 in an sayar da kwafi 1,300, ya kuwa karɓi na biyun a 1669. An ruwaito cewa mai duba littattafai na gwamnati ya so ya hana ta fita saboda 'yan layuka inda aka kwatanta Shaiɗan da rana a lokacin husufi, abin da ke sa sarakuna fargabar juyin zamani, wai da sarki a ke. In haka ne, shi ne mutum na farko da ya tsamo gutsure daga waƙar nan ya ba shi ma'anar da ya ga dama. Masu karatu kuma suka yi gunaguni, don ba ta da ƙafiya, ga ta da wuyar bi. Saboda haka a 1668 aka ƙara taƙaitaccen bayanin abin da ke cikin kowane kashi, da 'yar magana inda Milton ya kare rashin ƙafiyar, yana ganinta tamkar mari ce a ƙafar mawaƙi. A 1671 ya fito da Paradise Regained, a kan jarrabawar da Shaiɗan ya yi wa Yesu a jeji, tare da wasan Samson, gwarzon da abokan gaba suka ƙwaƙule wa idanu. A 1674 aka sake buga babbar waƙar, an mai da ita kashi goma sha biyu, yadda ta ke har yanzu. Cikin watan Nuwamba na shekaran nan ya rasu, aka binne shi a cocin St Giles a Landan, kusa da ubansa.

Tun yana da rai aka fara taɓa ta. Mawaƙi Jon Dryden ya nemi izininsa ya mai da ita wasan kwaikwayo mai ƙafiya, ya kuwa yarje masa. Amma yanka na sosai sai a ƙarni na 18. A 1702 wani mai suna Edward Bysshe ya buga littafin koyon tsara waƙa, ya jera kanun magana bisa abacada, a ƙarƙashin kowane ya zuba abin da mawaƙa dabam dabam suka faɗa. Nan layukan Milton suka zama kamar kayan koli a faifai, mai neman siffar safiya ko ta yaƙi ya zo ya zaɓa, ba ruwansa da wanda ya faɗa a cikin labarin ko dalilin faɗar. A 1712 Joseph Addison ya rubuta maƙala 18 a jaridar Spectator, yana bin waƙar kashi kashi yana nuna wuraren da suka fi kyau. Nufinsa mutane su karanta ta duka, amma sai ya zama ya shata wa masu almakashi inda za su yanka. Jon Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Metodis, ya bi wata hanya a 1763. Ya taƙaita waƙar domin talakawa, ya zubar da wuraren da ya ga sun yi musu wuya, ya sa alamar tauraro a wuraren da ya ke so a maimaita ko a haddace. Shi dai ya bar labarin a jere.

A 1774, shekara ɗari daidai bayan rasuwar Milton, Majalisar Dattawan Ingila ta yanke hukunci cewa masu buga littattafai ba su da ikon mallakar tsohon littafi har abada. Ƙofa ta buɗe ke nan, kowa ya iya ɗiban tsofaffin mawaƙa ba biya. A shekarar William Enfield ya fito da The Speaker domin ɗalibansa na Warrington su koyi karatu da murya a gaban jama'a. Vicesimus Knox, shugaban makarantar Tonbridge, ya biyo da Elegant Extracts. A 1799 Lindley Murray ya buga The English Reader, wanda ya bazu ƙwarai a makarantun Amurka. Littattafan nan domin ɗalibai aka yi su, suna kuwa neman abin da zai shiga darasi guda, wanda yaro zai iya haddacewa, wanda kuma ba zai tā da gardamar addini ko ta siyasa a aji ba.

Wurin da suka fi so shi ne addu'ar safiya ta Adamu da Hawwa'u a kashi na biyar, inda su ke kiran mala'iku da rana da wata da iska da tsuntsaye su taya su yabon Mahalicci. Enfield ya ɗauke ta, Knox ya ɗauke ta, Murray ma haka. Tana da wajen layi hamsin, tana da mafari da ƙarshe nata na kanta, abin da ba kasafai a ke samu a waƙar ba, domin jimlar Milton ta kan ƙetare layi bayan layi kafin ta tsaya. Wanda ya saba da rubutattun waƙoƙinmu na Hausa, inda ƙafiya ke rufe kowane baiti har a iya ɗauke shi shi kaɗai, zai gane wahalar mai yanka a nan. To, amma duba abin da ya ɓace. A cikin waƙar, daren da ya gabaci addu'ar nan Shaiɗan ya laɓe a kunnen Hawwa'u da siffar kwaɗo, ya sa ta yi mugun mafarki cewa ta ci 'ya'yan itacen. Ta farka a firgice, ta gaya wa mijinta, har ta yi hawaye. Sa'an nan suka yi addu'ar, shi ya sa a ƙarshenta su ke roƙon a watsar da duk sharrin da dare ya tara. Yaron da ya haddace ta a littafin makaranta zai ɗauka addu'a ce ta mutanen da ba abin da ya dame su. Wanda ya karanta abin da ya gabata ya san maƙiyi ya riga ya shigo gonar, yana jin addu'ar da faɗuwar gaba.

Murray ya kuma ɗauki hirar Adamu da Hawwa'u da maraice a kashi na huɗu, sa'ad da su ke shirin kwanciya. Masu tsince-tsince da yawa sun so buɗewar kashi na uku, inda Milton ya yi wa haske kirari ya kuma yi kukan makantarsa. Daga irin waɗannan sai aka sami wani Milton mai sanyin hali, tsoho makaho mai ibada, wanda ba wanda zai ce shi ne ya kare sare kan sarki a gaban Turai duka.

Ɓarnar da ta fi girma a wajen jawaban Shaiɗan ta ke. Malaman koyar da iya magana suna son su, don suna da zafi, yaro ya kan sami abin ɗaga murya da kaɗa hannu. A kashi na ɗaya da na biyu Shaiɗan yana magana kamar jarumin da aka ci da yaƙi amma ya ƙi sallamawa, kuma Milton ya ba shi fasaha iyakar iyawarsa, domin in mai ruɗi ba shi da daɗin baki ba wanda zai ruɗu. Sai dai waƙar ba ta bar shi a nan ba. A kashi na huɗu, sa'ad da ya ke shi kaɗai yana magana da rana, ya yarda cewa laifin nasa ne, girman kai ne ya kā da shi, kuma duk inda ya je azabarsa tana cikinsa. Phillips ya ce layukan farko na wannan jawabi an rubuta su shekaru da dama kafin sauran, da nufin su buɗe wani wasan kwaikwayo. Daga nan sai ƙasƙanci ya yi ta bin sa, daga mala'ika zuwa tsuntsu, zuwa kwaɗo, zuwa maciji. A kashi na goma ya koma wuta yana jiran tafi, sai shi da jama'arsa duka suka rikiɗe macizai, ba abin da ke tashi sai huci, suka kai baki ga 'ya'yan itace suka ji toka. Wannan wuri ba ya cikin waɗanda aka saba sa yara su haddace. Mawaƙa irin su Blake da Shelley, waɗanda suka san waƙar sarai, sun ga kamar zuciyar Milton ta karkata wajen Shaiɗan, masana kuma sun daɗe suna gardama a kan haka. Wannan gardama ce ta waɗanda suka karanta duka. Wanda aka ba jawabin farko kaɗai, ba a ba shi abin da zai auna da shi ba.

Ba na cewa masu tsince-tsincen nan sun yi laifi. Littafi yana da tsada a zamaninsu, kuma ɗan manomi da ya sami layi hamsin na Milton ya fi wanda bai sami ko ɗaya ba. Waɗansu ma gutsuren ne ya ja su suka nemi sauran. Abin da na ke ganin sun gaza shi ne, sau da yawa kan magana kawai su ke ɗorawa da sunan mawaƙi a ƙasa, alhali jimla uku sun isa a gaya wa yaro wa ke magana, da wa ya ke yi, me ya faru kafin nan, me kuma zai biyo. Malamin da zai koyar da addu'ar safiya ba zai ci minti biyu ba wajen ba da labarin mafarkin, in shi kansa ya karanta kashi na huɗu da na biyar. Mutumin da ya ce a ba yaro littafi guda a bi shi sosai, ga shi an mai da nasa littafin abin tsakura. Francis Palgrave, da ya tara The Golden Treasury a 1861, gajerun waƙoƙi kaɗai ya nema, saboda haka ya bar babbar waƙar bai taɓa ta ba, ya ɗauki Lycidas da waɗansu ƙanana, har da wadda Milton ya yi a kan makantarsa.

Game da kuɗi kuwa, kura ce da shan bugu, gardi da karɓa. Matarsa ta uku, Elizabeth, wadda ya aura a 1663, ta sayar wa Simmons da sauran haƙƙinta a kan waƙar a kan fam 8 a 1680. Daga baya haƙƙin ya koma hannun Jacob Tonson, wanda ya fito da babban bugu mai zane-zane a 1688, gidansa kuma ya daɗe yana cin ribarta. 'Yar autan Milton, Deborah, ta ƙare kwanakinta tana koyar da yara a wata 'yar makaranta a Landan, cikin rashi, ta rasu a 1727. A 1737 aka kafa masa abin tunawa a babban cocin Westminster, inda aka binne sarakuna da dama. 'Yar Deborah, Elizabeth Foster, tana riƙe da ɗan kanti ne sa'ad da aka gano halin da ta ke ciki, sai a 1750 aka nuna wasan Comus domin a taimake ta, Samuel Johnson ya rubuta jawabin buɗewa, aka tara mata wajen fam 130.